Tiyatar Rage Ƙiba: Shirin da Za Ki Yi Kafin Ki Bar Dakoro

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya daga Dakoro. Ƙiba ta kai mata iya wuya, ga ciwon sukari, ga gwiwoyi da suka mayar da sallarta kan kujera. Likitan da ke duba ta a Yamai ya kawo mata maganar tiyatar rage ciki, ƴaƴanta sun yarda za su haɗa kuɗi, amma tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idonta. Tana son sanin abin da za ta shirya, da yadda za ta yi da fargabar jinya.

Hajiya, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Aikin kansa awa ɗaya ne zuwa biyu, kina barci za a gama. Abin da ya kamata ya cinye tunaninki shi ne nisan da ke tsakanin ɗakinki da likitan da ya yi miki aikin. Daga Dakoro zuwa Maradi sama da kilomita 100 ne, daga Maradi zuwa Yamai sama da 600. Wannan ba aikin asibitin gunduma ba ne, kuma da yawa daga mutanenmu da suka yi shi sai da suka tsallaka: Tunisiya, Turkiyya, Masar, Indiya, ko asibitocin kuɗi na Legas da Abuja. Wadda ke zaune kusa da likitanta, in ta yi amai da dare, da safe tana gabansa. Ke kuwa sai kin tanadi wanda zai tsaya a madadinsa tun kafin ki ɗaure kaya.

Da farko ki tabbatar aikin ya dace da ke. Lissafin ba wuya. A auna tsawonki da mita, a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyinki da abin da ya fito. Mace mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 110, ninkin tsawonta 2.56 ne, in aka raba 110 da shi sai a sami kusan 43. Tun 1991 ƙa'idar da likitoci suka bi ita ce 40, ko 35 in akwai ciwon sukari ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da ita: 35 ko da babu wata cuta, daga 30 kuma ga mai ciwon sukarin da ya ƙi jin magani. Wanda bai kai nan ba, ya ajiye kuɗinsa. Akwai ma allurai irin su Ozempic da ke rage nauyi ba tare da yanka ba, sai dai suna da tsada, suna son firiji, kuma in an daina su nauyin yakan dawo.

Aikin da aka fi yi iri biyu ne. Na farko, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi, a bar siririn bututu. Abin da aka yanke ya tafi ke nan har abada, kuma tare da shi ake cire yawancin wurin da ke samar da sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa kwaɗayi ke raguwa. Na biyu, wanda wani likita a Amurka, Edward Mason, ya fara a shekarun 1960, ana ware ƴar ƙaramar jaka a saman tumbi a haɗa ta kai tsaye da hanji, abinci ya tsallake wani sashe. Wannan ya fi ƙarfi a kan ciwon sukari, kuma ya fi dacewa da mai fama da ƙwannafi, domin na farkon yakan ƙara ƙwannafi. Amma ya fi jawo ƙarancin jini da na bitamin. Ga mai zama nesa da wurin gwajin jini wannan abin dubawa ne, ki faɗa wa likitan a fili inda kike zaune da abin da ke samuwa a can. Duka biyun yanzu ta ƙananan huda huɗu zuwa shida ake yin su, da kyamara, ba a farke ciki. Mai kilo 110 za ta iya sa ran sauke kilo 30 ko kusa da haka cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Ba za ki koma jikin ƴanmatancinki ba. Wanda ya yi miki wannan alkawari, ciniki yake nema.

Da na ambaci ciniki, ki yi hattara da dillalan Facebook da WhatsApp masu haɗa miki jirgi da otal da tiyata a farashi guda, kwana biyar ki dawo. Ki nemi magana da likitan da zai riƙe wuƙar da kansa. Sau nawa yake yin irin wannan aiki a shekara? In ɗinki ya yi yoyo aka koma ɗakin tiyata, wa zai biya? Wa zai ɗauki waya in kin kira bayan wata biyu? In an yi ta kewaye-kewaye a kan waɗannan tambayoyi uku, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu ga wata magana da nake so mu yi tsakaninmu, domin ita ce ake ɓoye wa likitoci. A ƙasarmu ƙiba ado ce, shaidar cewa miji yana ciyarwa. Garin da ya sha ganin yara masu tamowa ba zai ɗauki ƙiba a matsayin ciwo da sauƙi ba. Saboda haka mata da yawa, tun ana shirin aurensu, an ɗura musu maganin ƙiba na tebur, irin wanda ake kira sha-ka-fashe, wasu kuma suna shan irinsa shekara da shekaru saboda ciwon gwiwa ko asma. Da yawa daga waɗannan ƙwayoyi dekzametazon ne ko danginsa. Idan jiki ya saba samunsa daga waje, sai ya daina yin nasa sinadarin da ke riƙe bugun jini lokacin wahala. Mai irin wannan hali in aka kwantar da ita aka yi mata aiki ba tare da likitan barci ya sani ba, jininta na iya faɗuwa warwas a kan tebur. In ya sani kuwa, allura ce zai tanada, shi ke nan. Kada kuma ki yanke shan maganin rana ɗaya don kunya, wannan ma haɗari ne, a hankali ake janye shi. Dabara mafi sauƙi: ki sami leda ki zuba duk abin da kike haɗiya, na farmasi da na tebur, jiƙo da gari da tsimi, har maganin mata da man shafawa na ƙara haske, domin wasunsu na ɗauke da irin wannan sinadari. Ki zazzage ledar a gaban likita. Ya ga abin da ya fi naki.

Sauran shirin jiki ba shi da sarƙaƙiya. Taba, shisha da taba gari a daina aƙalla mako shida kafin aiki, domin suna hana ɗinki kamawa. Magungunan gargajiya a ajiye su mako biyu kafin ranar. Mai shan ƙwayar tsarin iyali ta faɗa, akwai irin da ake dakatarwa wata guda kafin aiki saboda daskarewar jini. A gwada yawan jini, sukari, ƙoda, hanta, ciwon hanta nau'in B, sikila da zazzaɓin cizon sauro, a kuma duba ƙwayar cutar nan ta gyambon ciki a kashe ta in tana nan. In maigida ya ce kina minshari har numfashinki na ɗaukewa, wannan labari ne da likitan barci ke buƙata. Za a ɗora ki a kan ƙa'idar abinci ta kamar mako biyu, ba tuwo, ba shinkafa, ba sukari sai kaɗan. Kada ki ɗauke ta wasa. Hanta tana kwance ne a kan tumbi, ta mai ƙiba kuma takan kumbura da kitse. Wannan ƙa'ida ce ke sa ta motse har likita ya iya ɗaga ta ya ga inda yake aiki. Ki kuma fara tafiya tun yanzu, ko zagayen tsakar gida ne bayan asuba da bayan la'asar.

Lokacin da za ki zaɓa yana da nauyi a Dakoro fiye da wasu wurare. Bayan aiki ba za ki iya ɗaga moɗa ki kwankwaɗe ba, sai kurɓi-kurɓi, alhali ana son lita ɗaya da rabi ta shiga jikinki kowace rana, wato ruwan leda uku masu rabin lita. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, gumi kaɗai zai kwashe abin da kika sha. Bushewar jiki tana cikin manyan dalilan da ke mayar da masu wannan aiki gadon asibiti a makonnin farko. Damina kuma ga sauro ga zazzaɓi mai sa amai. In zaɓi na hannunki ne, ki nemi farkon sanyi, Nuwamba ko Disamba. Azumin da zai biyo baya kuwa ki cire rai da shi. Likitoci da dama kan hana azumi a shekarar farko, kuma addini ya yi wa maras lafiya rangwame. Ki tambayi malaminku batun ramuwa ko ciyarwa tun yanzu, don kada watan ya kama ki shiga kokawa da zuciyarki.

To, mu zo ga fargaba. Na san wadda ke zuwa da tsakar dare: in an sa ni barci ban farka ba fa? Rai a hannun Allah yake, amma ga abin da aka ƙidaya. A asibitocin da suka ƙware, waɗanda ke rasuwa sanadin wannan aiki ba su wuce mutum ɗaya zuwa uku cikin 1,000 ba, kusan daidai da aikin cire matsarmama da ake yi kullum. Yoyon ɗinki, wanda shi ne babbar matsalar farko, yana samun mutum ɗaya ko biyu cikin 100. Ki ajiye wannan kusa da abin da ciwon sukari ke yi wa ido da ƙoda da ƙafa cikin shekara goma, sannan ki yanke hukunci. Ki yi istihara. Ki rubuta wasiyyarki, ki faɗi bashin da ake binki da wanda kike bi. Wasu na ganin yin haka kiran mutuwa ne, alhali abu ne da ake son kowane Musulmi ya yi ko lafiyarsa ƙalau, kuma waɗanda suka yi sukan ji nauyi ya sauka daga ƙirjinsu.

Fargabar da ta rage, ki mayar da ita tambaya. Ki ajiye littafi kusa da shimfiɗa, duk abin da ya faɗo miki ki rubuta, ko ki sa jika ya rubuta, ki kai wa likita. In zuciya ta fara dukan uku-uku, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi ta baki ya fi jan tsawo, kina tasbihinki. Ki rage shayi da goro da yamma. Ki kuma rufe kunne daga masu labarin wance da ta je ba ta dawo ba, domin in kin bi diddigi ba wanda ya san wace irin cuta ce da ita, ko wane aiki aka yi mata.

Sanin abin da za ki tarar in kin farka ma yana rage tsoro. Bakinki zai bushe, maƙogwaro ya yi kaushi saboda bututun numfashi. Za ki iya jin tashin zuciya, da ciwo a kafaɗa wanda zai ba ki mamaki tun da ba a taɓa wurin ba. Iskar da aka hura a ciki ce don a sami filin aiki, takan baje cikin kwana biyu ko uku. Tun a ranar za a ce ki tashi ki taka. Za ki ji kamar mugunta ce, amma takawar ce ke hana jini daskarewa a ƙafa, ita da allurar da za a riƙa yi miki a fatar ciki. Kwana biyu ko uku a sallame ki.

Daga nan ne shawarata ta bambanta da ta dillalai. Kada ki hau jirgi da an sallame ki. Ki zauna kusa da asibitin kwana goma zuwa mako biyu, domin yoyo yakan nuna kansa ne a wannan tsakani. In kin sauka Yamai kada ki faɗa motar Maradi washegari, zaman wuni guda a kujera bayan tiyata gayyatar daskarewar jini ne. Ki huta, in kin kama hanya a riƙa tsayawa kina takawa. Kuma in da hali ki yi sauran watan farko a Maradi wajen dangi, kusa da babban asibiti, kafin ki ƙarasa gida. Kafin ki baro likitanki, ki karɓi cikakken rahoton aikin da Faransanci, ki ɗauki hotonsa a waya, ki ba babban ɗanki kwafi. Likitan Maradi ba zai iya taimakonki da takardar Turkanci ba.

Abin da zai sa a tashi mota ko ƙarfe biyun dare ne, kowa a gidan ya haddace shi: bugun zuciya da ya haura 120 a minti ya ƙi sauka, zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa ɗaya, baƙin bayan gida ko aman jini, da kasa riƙe ko ruwa tsawon yini. Ki koya wa mai jinyarki ƙirga bugun jini a wuyan hannu da agogon waya. A nan akwai tarko: duk zazzaɓi a wurinmu sunansa na sauro, sai a sayo magani a jira kwana uku. A watan farko bayan wannan aiki, a gwada jinin, amma a ɗauka daga ciki ne har sai likita ya ce ba haka ba. Amai kuma in ya ɗauki kwanaki, ki ce a ba ki bitamin B1 kafin a ɗaura miki ruwan sukari, domin ƙarancinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wani lokaci ba gyara.

Abinci hawa-hawa ne. Mako biyun farko ruwa-ruwa: romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe mai, madara, nono tsinkakke ba sukari. Sai mako biyu na abin da aka dama ya yi laushi: kindirmo, wake da aka cire wa ƙwalfa aka tuƙe, ƙwai mai taushi, kifi da aka marmasa. Daga nan mai laushi irin su awara da alala, har wajen mako na shida ki fara taɓa abincin gida. Ma'auninki ɗan kofin shayi ne, shi ne cikinki a farko. Ki ci a hankali, ki tauna har ya zama ruwa, kina jin nauyi a ƙirji ki tsaya ko loma ɗaya ce ta rage. Kada ki haɗa ci da sha, ki bar rabin awa tsakani. Ana son sinadarin gina jiki da ke cikin abincinki ya kai giram 60 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 kacal yake ɗauke da shi, don haka ki ga aikin da ke gabanki, kuma ki ga dalilin da zai sa nama da wake da nono su riga tuwo shiga. Mu da ke ƙasar dabbobi, nono da cuku ba su yi mana wuya, sai dai a tafasa madarar kafin a kwantar da ita, ruwan sha ma a tabbatar da tsabtarsa, domin gudawa a wannan hali ba ƙaramin abu ba ce. Kilishi da gasasshen nama su jira ƴan watanni.

Fura da kunun zaƙi da shayi mai sukari da lemon kwalba, su ne masu rushe aikin. Suna wucewa ba tare da sun cika ki ba, kuma ga wadda aka haɗa wa tumbi da hanji, zaƙi yakan jawo jiri da gumi da murɗar ciki da gudawa cikin rabin awa. Ƴan dubiya kuma za su zo, kowa da kwanonsa, kowa na cewa daure ki ci ko kaɗan ne, kin ga yadda kika faɗa. Ki naɗa mutum ɗaya mai ƙarfin hali, ƙanwa ko babbar ƴa, ta riƙa karɓar kwano da godiya tana wucewa da shi wajen yara. Daka, jan guga, ɗaukar tulu ko goyon jika, a ɗaga miki mako huɗu zuwa shida. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak, waɗanda ke kan kowane tebur, ki yi sallama da su, suna huda sabon ciki. Farasitamol ya ishe ki. Maganin sukari da na hawan jini kuwa za su yi miki yawa tun a kwanakin farko, dole a sake auna su, don haka ki mallaki na'urar gwajin sukari taki.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. A makonnin farko mutane da yawa sukan yi da-na-sani, su yi kuka ba dalili, su ga kowa na cin tuwo su ji an ware su. Yakan wuce da jiki ya fara ƙarfi. In ya zarce mako biyu kina jin duniya ta ishe ki, ki gaya wa likita, ciwo ne mai magani. Tsakanin wata na uku da na shida gashi yakan zuba, sannan ya dawo. Fata za ta saki. Kuma za a yi magana, domin a garuruwanmu mace in ta rame farat ɗaya, wasu su ce kishiya, wasu su ce sammu, wasu su raɗa sunan cutar da ba a son faɗa. Ki yanke tun yanzu wa za ki gaya wa gaskiya, sauran kuma amsa ɗaya ta ishe su: likita ne ya sa ni rage jiki saboda sukari. Ga masu sauran haihuwa, a jinkirta ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Haihuwa takan buɗe da nauyi ya sauka, har ga wadda ta daɗe tana nema, kuma ƙwayar sha ba abin dogaro ba ce bayan aikin haɗa hanji, a nemi wata hanyar.

Magana ta ƙarshe ta ƴaƴan Hajiya ce, masu haɗa kuɗi. Mahaifiyarku za ta sha bitamin har ƙarshen rayuwarta: mai haɗe-haɗe kullum, da na ƙarin jini, da na ƙashi, da B12 wanda sau da yawa allura ce duk wata uku. Za a gwada jininta a wata na uku, na shida, na goma sha biyu, daga nan kowace shekara, kuma wasu gwaje-gwajen sai an je Maradi ko Yamai. Ku sayo na wata shida ku taho da shi, ku san farmasin da za ku riƙa samu in ya ƙare. Ku je Maradi da takardunta ku sami likitan tiyata da zai ce ya yarda ya riƙa duba ta, ku karɓi lambarsa, ku san motar da za ta ɗauke ta in dare ya yi. In kuɗin da kuka tara na tiyata da jirgi ne kawai, bai isa ba tukuna, ku ɗaga tafiyar har ya cika.